Tarihin Sanda Biyu: Yadda Windows da Linux Suka Raba Hanya, da Tafintocin da Ke Tsakaninsu

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurari murya ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu idan sun karanta da idonsu. Wannan karon ma rubutun ya fi muryar amfani, domin maganar alamomin rubutu za mu yi, ita kuwa alama sai an gan ta.

Bari in fara da tambaya. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta mai Windows ya ga adireshin fayil irin wannan:

C:\Users\Public\Documents

Wanda kuma ya leƙa cikin wayarsa ta Android, ko Linux, ko Mac, ya ga irin wannan:

/home/dalibi/takardu

Ku dubi sandar da ke raba sunayen. A Windows ta kishingiɗa baya, a sauran ta kishingiɗa gaba. Malaman Hausa suna kiran ta gaban sanda jirge. Don mu sauƙaƙa wa kanmu, yau za mu ce sandar gaba ( / ) da sandar baya ( \ ). To me ya kawo wannan bambanci? Wa ya fara? Kuma me ya sa har gobe matashin da ke koyon rubuta manhaja yakan kwafi umarni daidai yadda malami ya rubuta, amma kwamfutarsa ta ce ba ta san zancen ba? Amsar tana cikin tarihin da ya haura shekara hamsin.

MENE NE PATH?

Kafin mu shiga tarihi, sai mun gane abu biyu. Na farko shi ne adireshin fayil, wanda muka gani a sama. Na biyu shi ne jerin wuraren nema, wanda ake kira PATH.

Idan ka buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni ka rubuta python, ai ba ka gaya wa kwamfuta inda python ɗin yake ba. Ita kuma ba za ta bi duk faifan tana lalube ba. Tana da jerin foldoji da aka ba ta, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Kamar ka aiki yaro ne ka ce masa, duba shagon bakin layi, in babu ka je na kusa da masallaci, in babu ka shiga kasuwa. Inda ya fara samu nan zai saya ya dawo, ba ruwansa da sauran. Ku riƙe wannan, don zai dawo mana: wanda ke gaba a jerin shi ke ci.

Shi wannan jeri dole a sami alamar da ke raba wuri da wuri. A Linux da Mac ruwa biyu ( : ) ake sawa:

/usr/local/bin:/usr/bin:/bin

A Windows kuwa waƙafi mai ruwa ( ; ) ne:

C:\Windows\System32;C:\Python

Kun ga ke nan saɓanin ya kai uku: sandar da ke cikin adireshi, harafin da ke farkon adireshi, da alamar da ke raba jerin. Kowanne da labarinsa.

GIDAN FARKO: UNIX

A tsakiyar shekarun 1960, a Amurka, jami'ar MIT da kamfanin General Electric da ɗakin bincike na Bell Labs suka haɗa hannu kan wata babbar manhaja mai suna Multics. Tana cikin na farko-farkon da suka tsara fayiloli kamar bishiya, folda cikin folda. Alamar da Multics ke raba sunaye da ita kuwa ita ce >, wato adireshi yakan zo kamar >udd>aiki>fayil.

A 1969 Bell Labs ta janye daga aikin. Biyu daga cikin mutanenta, Ken Thompson da Dennis Ritchie, suka koma gefe suka gina tasu ƙaramar manhajar, wadda ta zama Unix. Sun ɗauko tsarin bishiyar, amma suka sa sandar gaba a matsayin mai rabawa, alamar > kuma ta koma aikin tura sakamakon umarni cikin fayil. Suka kuma yanke wata shawara mai nauyi: bishiyar ɗaya ce tak, tushenta ɗaya, kuma sunan tushen shi ne / ita kaɗai. Ko faifai goma ka jona wa kwamfutar, kowanne reshe zai zama a jikin bishiyar nan. Babu zancen harafin faifai.

A 1979 fitowa ta bakwai ta Unix ta zo da manhajar karɓar umarni da Stephen Bourne ya rubuta, kuma a nan PATH ya zauna da gindinsa yadda muka san shi yau. A nan ne kuma aka tsayar da al'adar cewa duk manhajar da za ta fara aiki, wadda ta tashe ta za ta miƙa mata wasu 'yan bayanai, PATH na cikinsu. Ni ina kiran waɗannan bayanai guzuri, don da su manhaja ke kama hanya. Ruwa biyu ba shi da wani aiki a farkon adireshin Unix, saboda haka aka ɗauke shi ya zama mai raba jeri. Lafiya lau, ba wanda ya taka wani.

Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991 wannan gadon ta ci. Android kuma a kan Linux aka gina ta. Shi ya sa wayar da ke hannunka take magana da harshen mutanen Bell Labs.

GIDA NA BIYU: DOS

Ɗaya gidan daga ƙananan kwamfutoci ya taso. A 1974 Gary Kildall ya rubuta CP/M, wadda ta mamaye ƙananan kwamfutocin ƙarshen shekarun 1970. Waɗannan injuna faifan fulofi suke amfani da shi, kuma kowace kafar saka faifai an ba ta harafi da ruwa biyu a bayansa: A: da B:. Idan kun taɓa tambayar me ya sa faifan cikin kwamfuta yake C ba A ba, to ga amsar. A da B na fulofi ne, sun riga shi zuwa.

A 1980 Tim Paterson na kamfanin Seattle Computer Products ya rubuta 86-DOS bisa salon CP/M. Microsoft ta saye ta, kuma da ita kwamfutar IBM PC ta fito a watan Agusta na 1981. Wannan DOS ta farko ba ta san folda ba sam. Faifan kilobait 160 ne, fayil 64 kawai yake ɗauka, duk a zube wuri ɗaya. Tunda babu folda, ba a buƙatar alamar raba sunan folda. Sandar gaba tana zaune ba aikin yi, sai aka ba ta wani aikin: nuna zaɓin da ke bin umarni. Ka rubuta DIR /W, wato jero mini fayiloli a kwance. Ka rubuta FORMAT /S. Wannan ɗabi'a ta daɗe a kwamfutocin kamfanin DEC, waɗanda Bill Gates da Paul Allen suka yi ƙuruciyarsu a kansu.

Sai ga 1983. IBM za ta fitar da PC XT mai faifan ciki na megabait 10. Yau hoto biyu ko uku na waya sun cinye wannan, amma a lokacin fili ne mai faɗi, kuma ba zai yiwu a zube ɗaruruwan fayiloli wuri ɗaya ba. Dole DOS ta biyu ta zo da foldoji. Mutanen Microsoft sun san Unix sarai, domin a lokacin suna sayar da tasu Unix ɗin mai suna Xenix, kuma daga can suka ɗebo tsarin bishiyar. Amma da suka zo ɗaukar sandar gaba, sai suka tarar an riga an yi mata miji. Idan mutum ya rubuta DIR /W, zaɓi yake nufi ko folda mai suna W? Canza alamar zaɓi kuma zai karya duk abin da mutane suka saba da shi cikin shekara biyu, abin da IBM ba ta so.

Sai aka duba allon maɓallai aka ɗauko 'yar'uwarta mai kallon baya. Ita wannan sandar baya, Bob Bemer na IBM ne ya kawo shawarar sa ta cikin jerin haruffan ASCII tun 1961, don a riƙa haɗa ta da ta gaba ana rubuta wasu alamomin lissafi na harshen ALGOL. Bai san inda za ta ƙare ba.

Da aka zo kan PATH, nan ma aka tarar ruwa biyu ya riga ya shiga hannun harafin faifai. Ba ka raba jeri da alamar da ke cikin kowane adireshi. Shi ke nan sai waƙafi mai ruwa ya samu shiga.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: a can cikin cikinta, DOS ta 1983 tana karɓar sandunan biyu, kuma Windows ma har yau haka take a yawancin wurare. Ka ba ta C:/Users za ta gane. Har wani ɓoyayyen saiti aka sa a lokacin mai suna SWITCHAR, wanda ke barin mutum ya mayar da alamar zaɓi karan ɗori kamar na Unix, amma da DOS ta uku ta fito a 1984 aka cire shi daga fayil ɗin saiti. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan kam ya bushe a haka, kuma Windows 95 da NT da duk na bayansu a haka suka gaje shi. Mai son ya gani da idonsa, Microsoft ta saki ainihin rubutun DOS ta farko da ta biyu a GitHub a 2018.

Kada ku ɗauka gida biyu ne kawai. Tsohuwar Mac ruwa biyu take raba foldoji da shi, sai a 2001 da Mac OS X ta zo a kan tushen Unix ta koma sandar gaba. A Japan kuwa, lambar da ASCII ta ba sandar baya, wato 92, an ba alamar kuɗinsu ta yen ne, saboda haka a Windows ɗin Japananci adireshi yakan fito kamar C:¥Windows. A Koriya ma haka, da alamar won.

INDA RIGIMAR TAKE

Da kowa ya zauna a gidansa, da ba mu yi wannan shirin ba. Matsalar ita ce sandar baya tana da babban aiki a gidan Unix. A harshen C, da duk harsunan da suka yi koyi da shi, alama ce da ke cewa harafin da ke biye ba shi ake nufi ba. \n na nufin sabon layi, \t na nufin tazara. To ka rubuta "C:\new\table" a cikin manhajarka ka gani: kwamfuta za ta karanta C, ruwa biyu, sabon layi, ew, tazara, able. A Python ta uku, "C:\Users" ma ƙin tashi take yi gaba ɗaya, don \U na da tasa ma'anar. Duk wanda ya koyi Python a Windows ya sha wannan ɗacin.

Jerin PATH ya fi muni. Ɗauki wancan na Windows:

C:\Windows\System32;C:\Python

Ka miƙa shi ga manhajar da ta tashi a gidan Unix ba tare da fassara ba. Ita a wurin ruwa biyu take yankawa. Za ta ga wurare uku: na farko C, na biyu \Windows\System32;C, na uku \Python. Babu ko ɗaya da yake akwai. Haka nan idan ka miƙa wa 'yar asalin Windows jerin /usr/bin:/bin, za ta ɗauke shi adireshi guda ɗaya marar kan gado. Kowacce tana da gaskiya a harshenta. Abin da ya rage shi ne a nemo tafinta.

TAFINTA NA FARKO: CYGWIN

A 1989 aka kafa kamfanin Cygnus a Kalifoniya, sana'arsa tallafa wa masu amfani da kayan aikin GNU, wato manhajojin kyauta masu tsarin Unix. A 1995 wani injiniyansu, Steve Chamberlain, ya fara aikin da ya zama Cygwin. Dabarar ita ce a rubuta fayil guda, cygwin1.dll, da zai tsaya tsakanin manhajar Unix da Windows. Manhajar ta yi magana da harshenta, shi kuma ya juya wa Windows. Manhajar tana ganin bishiya mai tushe ɗaya, faifan C kuma ya zama reshe mai suna /cygdrive/c. Daga baya Red Hat ta sayi Cygnus, a cinikin da aka sanar a 1999.

Mutanen Cygwin sun ɗauki matsaya da ya kamata mu lura da ita. PATH ɗin da ke cikin guzuri suna juya shi da kansu: idan an shigo daga Windows a mayar da shi tsarin Unix, idan za a tashi manhaja 'yar asalin Windows a sake mayar da shi nata tsarin. Amma abin da kai ka rubuta a bayan umarni, ba sa taɓa shi. Idan ka ce wa Notepad ta buɗe /cygdrive/c/aiki/wasika.txt, haka za a miƙa mata, ita kuma ta rasa gane shi. In kana son fassara, sai ka kira tafinta da bakinka. Sunansa cygpath. Ka sa masa -w ya juya zuwa Windows, ka sa -u ya juya zuwa Unix, ka ƙara -p idan jeri ne gaba ɗaya ba adireshi ɗaya ba. Akwai wahala, amma babu mamaki. Abin da ka rubuta shi ke isa.

TAFINTA NA BIYU: MSYS

A 1998 Colin Peters ya fitar da MinGW, wadda ke ba mutum damar gina manhajoji 'yan asalin Windows da kayan GNU, ba tare da sun dogara da wancan fayil na Cygwin ba. Sai dai tsarin gina yawancin manhajojin kyauta ya dogara ne da rubutattun jerin umarni na Unix, dubban layuka, waɗanda aka rubuta ba a san da zaman Windows ba. Ba wanda zai bi su layi-layi yana cusa cygpath.

Saboda haka a farkon shekarun 2000 aka tsago MSYS daga jikin Cygwin, ƙarƙashin Earnie Boyd, aka ɗora mata wani hali: duk lokacin da za ta tashi manhaja 'yar asalin Windows, za ta duba duk abin da aka rubuta a bayan umarnin, da abin da ke cikin guzuri, in ta ga wani abu ya yi kama da adireshin Unix ta juya shi da kanta, ba sai an tambaye ta ba. Faifan C a wurinta /c ne kawai. Ta ga /c/aiki, ta miƙa C:/aiki. Ta ga jeri mai ruwa biyu, ta mayar da shi mai waƙafi mai ruwa. Daga baya aka sake gina ta a kan sabuwar Cygwin aka kira ta MSYS2, kuma ta riƙe wannan halin.

Wani zai ce, to ni ina ruwana da MSYS, ban taɓa jin sunanta ba. Ai kuwa in kana koyon rubuta manhaja a Windows, da wuya ba ta cikin kwamfutarka. Lokacin da Linus Torvalds ya rubuta Git a 2005, sassa da yawa nata jerin umarnin Unix ne. Da aka zo kawo ta Windows, aikin da Johannes Schindelin ya jagoranta tun 2007, sai aka naɗo ta tare da MSYS, kuma daga 2015 aka koma MSYS2. Wannan baƙin allon da ake kira Git Bash, shi ne. Yawancinmu da Windows muka fara, darussan da muke bi a YouTube kuwa galibi a Mac ko Linux aka ɗauke su. Git Bash ce ke sa umarnin malam ya yi aiki a wurinmu, kuma ita ce wani lokacin ke sa ya ƙi.

GARIN NEMAN GIRA

Matsalar tafintan da ke fassara ba a tambaye shi ba ita ce, hasashe yake yi. Ba shi da hanyar sanin abin da ke zuciyarka, siffar rubutun kawai yake kallo. Kuma ba duk abin da ya fara da sandar gaba ne adireshin faifanka ba. Ga misalai huɗu da suka shahara.

Na ɗaya, zaɓin umarnin Windows. Ka rubuta cmd /c a Git Bash, kana nufin zaɓin c. Tafinta ya ga /c, ya ce ai wannan faifan C ne, ya miƙa C:/. Ku duba ikon Allah: sandar zaɓin nan ta 1981, wadda ta haifar da rigimar tun farko, ita ce ta dawo ta ci karo da maganin da aka haɗa don rigimar. Mafita ita ce a ninka sandar, a rubuta cmd //c.

Na biyu, masu tura fayil zuwa waya da adb. Ka ce a kai hoto /sdcard/, kana nufin cikin wayar. Tafinta ya ɗauka cikin kwamfutar kake nufi, ya juya shi zuwa C:/Program Files/Git/sdcard/. Wayar ta ce ba ta da wuri mai wannan suna.

Na uku, masu haɗa takardar shaidar tsaro da openssl. Akan rubuta bayanin mai ita kamar /C=NG/ST=Kano, wato ƙasa da jiha. Wannan ko kusa ba adireshi ba ne, amma ya fara da sanda, sai a liƙa masa C:/Program Files/Git/ a gaba, umarnin ya watse.

Na huɗu shi ne ya fi ban tsoro, don wani lokacin shiru yake yi. A Docker, idan kana son haɗa foldar kwamfutarka da ta cikin akwatin, kana rubuta su biyun da ruwa biyu a tsakani, kamar /c/aiki:/app. Ga Docker wannan na nufin haɗa wannan da wancan. Ga tafinta kuwa, adireshi biyu da ruwa biyu a tsakani jerin PATH ne. Sai ya juya duka biyun, ya sa waƙafi mai ruwa. Mutane da yawa sun wayi gari sun ga wata baƙuwar folda mai sunan da ya ƙare da ;C a cikin aikinsu, suna mamakin daga ina ta fito. Haɗarin shi ne kana zaton bayananka suna sauka a foldarka, alhali haɗin bai ƙullu ba. Ranar da ka goge akwatin, sun tafi tare da shi.

Shi ya sa aka yi wa tafintan linzami. A Git Bash, ka sa MSYS_NO_PATHCONV=1 a gaban umarni, zai yi shiru a wannan umarnin. A MSYS2 akwai MSYS2_ARG_CONV_EXCL na abin da ka rubuta, da MSYS2_ENV_CONV_EXCL na guzuri, inda za ka lissafa abin da ba ka so a taɓa, ko ka sa tauraro ka hana duka.

Ni a ganina, ba za a ce ɗaya ya fi ɗaya kai tsaye ba. Cygwin ta zaɓi ta bar ka da wahala amma ka san abin da ke faruwa. MSYS ta zaɓi ta ɗauke maka wahalar sau tara, a na goma ta jefa ka rami ba ka san dalili ba. Ga wanda ke gina tsofaffin manhajojin Unix a Windows, MSYS rahama ce. Ga ɗan koyo kuwa, abin da ke cutar da shi rashin sanin akwai tafinta a ɗakin ne ma gaba ɗaya. Yana ganin kansa ne bai iya ba, har wani ya ajiye koyon.

ZAMANIN WSL

A 2016 Microsoft da kanta ta shigo filin, ta sanar da WSL, wato hanyar tashin manhajojin Linux a cikin Windows. A nan faifan C sunansa /mnt/c. Kun ga yanzu faifai ɗaya ya sami suna huɗu: C:\ a gidansu, /cygdrive/c a Cygwin, /c a Git Bash, /mnt/c a WSL. Kwafo umarni daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da dubawa ba, sai a hankali.

WSL ta bi hanyar da ta fi kusa da ta Cygwin. Ba ta taɓa abin da ka rubuta. Ta ba ka wslpath don ka juya da kanka. A 2018 kuma aka ƙaro WSLENV, inda kai ne za ka faɗi wane bayani na guzuri zai tsallaka, kuma a wace siffa: /p idan adireshi ɗaya ne, /l idan jeri ne. Wato maimakon tafinta ya yi hasashe, kai ke gaya masa.

Amma PATH ɗin Windows, WSL na juya shi ta liƙa a bayan na Linux da kanta, don ka iya kiran notepad.exe daga cikin Linux. Wannan ma da nasa allazin. Foldar Program Files tana da tazara a sunanta, rubutattun umarnin Unix da yawa kuma ba su yi tsammanin tazara a PATH ba. Sannan idan ba ka saka wata manhaja a ɓangaren Linux ba amma tana ɓangaren Windows, kamar npm, sai neman ya zarce ya kamo ta Windows, ka yi ta ganin saƙon kuskuren da ba ka gane kansa ba. Mai son raba su yakan sa appendWindowsPath=false a fayil ɗin /etc/wsl.conf.

Akwai kuma masu tafiya ta ɗaya ɓangaren. Wine, wadda aka fara a 1993, tana tashin manhajojin Windows a cikin Linux. Ita ƙirƙiro musu faifan C na ƙarya take yi a cikin wata folda, tushen bishiyar Linux kuma ta ba shi harafin Z:. Nata tafintan sunansa winepath.

ABIN DA ZA KU TAFI DA SHI

Kun tuna na ce wanda ke gaba a jeri shi ke ci? Windows tana da umarni mai suna find da sort, Unix ma tana da masu waɗannan sunaye, amma aikinsu da yadda ake kiransu sun sha bamban. Idan ka haɗa jerin gidajen biyu, wanda ya zo farko shi zai amsa. Wannan ne dalilin da ya sa lokacin saka Git a Windows ake tsayar da kai a wani shafi mai zaɓi uku game da PATH, har da gargaɗi a kan na ukun. Yawancinmu danna na gaba kawai muke yi. Daga yau ku tsaya ku karanta shi.

Haka nan maganar tsaro ce. Duk wanda ya iya cusa foldarsa a gaban jerinka, ya iya sa ka tashi manhajarsa kana zaton taka ce. A Unix, gurbin da aka bari fanko a PATH, kamar ruwa biyu guda biyu a jere, yana nufin foldar da kake ciki yanzu. Fassarar da aka yi da ganganci tana iya barin irin wannan gurbin ba ka sani ba.

To ga 'yan shawarwari. Idan umarni ya ƙi, fara tambayar kanka: a wane baƙin allo nake, kuma manhajar da nake kira 'yar wane gida ce? Idan ka ga C:/Program Files/Git ya bayyana a saƙon kuskure alhali ba kai ka rubuta shi ba, to aikin tafinta ne. Idan kana rubuta manhaja, kada ka liƙa sanda ko ruwa biyu da hannunka. Python tana da pathlib da os.pathsep, Java da Node ma suna da nasu, su suka san gidan da suke. Sannan kafin ka taɓa PATH na Windows, kwafe tsohon ka ajiye a gefe. Umarnin setx da ake yawan bayarwa a darussa yana datse duk abin da ya wuce harafi 1024, kuma abin da ya datse ba ya dawowa. Gara ka bi ta tagar saitin Windows ka ƙara layi ɗaya.

Mutanen da suka zaɓi sandar baya a 1983 matsalar gabansu suke warwarewa: faifan megabait 10 da abokin ciniki da ba ya son a canza masa abin da ya saba. Ba su yi wauta ba. Sai dai miliyoyin manhajoji sun ginu a kan wannan zaɓi, har ya kai ba mai iya janye shi, kuma ga mu nan bayan shekara arba'in da ɗoriya muna ninka sanda a Git Bash saboda shi. Ku da ke rubuta manhaja yau, ku riƙa tunawa da wannan duk lokacin da za ku yanke wata 'yar ƙaramar shawara kuna cewa ai na wucin gadi ne.

A nan za mu dakata. Wanda ya taɓa cin karo da ɗaya daga cikin waɗannan, ko wata irin da ban ambata ba, ya rubuto mana a ƙasa yadda ta kaya da yadda ya fita, don wani ya amfana. Ku tura wa abokanku masu koyo. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.